Bangon da Na Shafe a Bulabulin

Mun bar Kano ana sallame sallar asuba, mu uku har da direba, ranar wata Asabar da zafin bazara ya riga rana fitowa. Masu bibiyata a nan sun san sana'ata. Shekara ashirin da bakwai ina koyar da lissafi da darasin zamantakewa a aji biyar da aji shida, yanzu kuma akan gayyace ni in yi wa malamai bita. Wannan karon Maiduguri aka kira ni, wata firamare a unguwar Bulabulin. Na cika but da kwalaye masu zane, da taswirar Nijeriya mai leda, da rula ta katako guda ashirin, ina ta ji da kaina. Abokin tafiyata, wanda shi ma malami ne, ya leƙa but ɗin ya tambaye ni ko ƙaura zan yi. Ban kula shi ba.

A Azare muka karya da masa da miyar taushe. Masar ta yi daɗi, amma da mai masa ta faɗi kuɗinta sai da na sake leƙa kwanon ko akwai naman da ban gani ba. Potiskum kuwa tireloli ne na shanu suka sa mu a tsakiya, muka yi ta shaƙar abin da ba mu saya ba. Daga Damaturu hira ta mutu a mota. Shinge bayan shinge, a sauke gilashi, a gaisa, a buɗe but. Wani jami'i ya zaro rula ɗaya ya juya ta, ya ce ko duka na dukan yara ne. Direba bai yi dariya ba, idonsa na kan agogo, domin ya ce in yamma ta yi mana a hanya sai dai mu kwana a bayan gari, don ana rufe hanyar shiga Maiduguri.

Mun shiga Maiduguri da la'asar. Abin da ya fara kama idona itatuwan darbejiya ne, layi-layi, har inuwarsu ta haɗe a saman titi. Na biyu, babu ɗan acaɓa ko ɗaya, sai keke napep da kekuna. Ni da na saba da Kano sai kunnena ya riƙa jin kamar an ɗauke wuta. Mata sun naɗe cikin laffaya, duk wadda ta gifta sai ta bar maka ƙamshin turaren wuta. A masauki aka kawo mana burabusko da miyar kuka mai bandar kifi, aka yi ta yi mana “wushe, wushe”, wato sannu, har na rasa inda zan tsaya da amsawa in fara ci.

Akwai kuma abu na uku. Da muka ratsa wasu unguwanni sai na ga wani layi ruwan ƙasa ya bi jikin gidaje, wani wurin daidai gwiwa, wani wurin ya wuce taga. Direba ya ce shatin ambaliyar nan ce da ta ci garin. Na ji labarinta a rediyo kamar kowa, na yi addu'a kamar kowa, amma ban taɓa tunanin ruwa yana barin sa hannu haka ba.

Ranar Lahadi da hantsi hedimasta ya kai ni in ga ajin da zan yi darasin gwaji a ciki. Dattijo ne mai sanyin murya, da hula zanna da ta sha kari. Yana buɗe ƙofar aji shida na ja da baya.

Jama'a, ban taɓa ganin bango irin wannan ba. Shatin ambaliya yana nan daidai ƙirjina, ba a ko wanke shi ba. Sama da shi da ƙasa da shi kuwa layuka ne na gawayi birjik, gajeru-gajeru, kowanne da suna da lamba a gefensa. An buga ƙusoshi an rataye igiyoyi masu ƙulli-ƙulli. Can gefe an zana wani abu mai kama da hanjin kaza da alli kala uku. Raina ya ɓaci nan take. Duk wanda ya taɓa zama a bitata ya san maganata ta farko: aji mai datti ba ya fitar da yaro mai tunani. Ga kuma tausayi. Yaran da ruwa ya kora daga gidajensu, kullum sai sun zauna suna kallon shatinsa?

Na ce a nemo mai fenti, ni zan ɗauki nauyi, tsarabata ce ga makaranta.

Hedimasta ya gyara hula ya ce, “Yallaɓai, wannan bangon na Malama Yagana ne fa.”

Na ce, “Shi ya sa. Gobe ta zo ta ga yadda ake aji.”

Ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce, “To, yadda ka gani.” Daga baya na gane mutumin nan ba ya iya ce wa baƙo a'a, balle baƙon da ya yi tafiyar yini guda ya zo da furfura. Ya kira malamar a waya sau biyu, wayar ba ta shiga, ta tafi ta'aziyya wajen gari. Mai gadi ya yi wata doguwar magana da Kanuri, na tambayi me ya ce, hedimasta ya ce gaisuwa ce.

Mai shagon fentin Inyamuri ne da ya fi ni iya Hausar kasuwa. Ya ce in sayi farar ƙasa, ta fi araha, kuma bangon makaranta ne. Na ce ni ba na aikin rabi da rabi. Fenti mai mai, shuɗi, shafi biyu, kuma sai an kankare bangon an wanke tukuna. Na tsaya a kan mai fenti har ya gama, na cire ƙusoshin da hannuna, na tattara igiyoyin na ce mai gadi ya ƙone. Da yamma ajin ya fito fes. Na ɗauki hoto ma, da niyyar in sa muku a nan.

Litinin da safe na riga kowa zuwa, na jera kwalayena a jikin allo. Malama Yagana ta shigo da yara a bayanta. Ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, siririya, da laffaya ruwan toka da jakar leda cike da alli. Ta tsaya a bakin ƙofa. Jakar ta suɓuce daga hannunta, alli ya watse. Yaran kuwa, su arba'in da biyu, babu wanda ya zauna. Suka nufi bango kai tsaye, kowa yana shafa wani wuri da tafin hannu, yana neman abin da babu.

Ni kuma ina tsaye da murmushina, ina jiran godiya.

Ta gaishe ni, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta ce, “Malam, ka kwafe lambobin kafin a shafa?”

Na ce, “Waɗanne lambobi?”

A nan tsaye ta yi mini bayani, muryarta ba ta tashi ba, kuma da ta yi mini ihu da ya fi mini sauƙi. Bayan ambaliya, da aka dawo makaranta, babu littafi ko ɗaya da ya tsira. Rajista, taswira, littattafan lissafi, duk sun zama kunu. Ta rasa da me za ta koyar, sai ta ce kowane yaro ya je gidansu da igiya ya auno inda ruwa ya tsaya. Igiyar da kansu suka yi mata ƙulli a kowace santimita goma. Kowa ya dawo ya ja layinsa a bango daidai tsayin ruwan gidansu, ya rubuta suna da lamba. Da wannan bangon ta koyar da awo, da mayar da santimita mita, da ɗigon goma, da fitar da matsakaici. Abin da na kira hanjin kaza taswirar unguwa ce, lungu-lungu, ja inda ruwa ya fi zurfi, rawaya inda ya yi dama-dama, fari inda tudu ne. Tun suna aji biyar suke gina ta. Ba ta kwafe a takarda ba, domin ta ga abin da ruwa yake yi wa takarda. Akwai hoton bangon a wayar hedimasta, amma daga nesa aka ɗauka, ba a iya karanta komai.

Sannan ta faɗi wadda ta fi duka muni. Ranar Alhamis Bulama, wato mai unguwa, zai zo da iyaye. Matasan unguwa sun yarda za su yi aikin gayya na yashe magudanan ruwa kafin damina, amma yini biyu kawai suka bayar, kuma kowane lungu yana cewa a fara da nasa. Bulama ya ce ba zai saurari mai ƙarfin murya ba, taswirar yara zai bi.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na dubi kwalayena, akwai wanda aka zana jirgin ƙasa yana barin wani gari da gudun kaza a awa. Yaran nan ba su taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya ba, amma sun san zurfin ruwan ɗakin uwarsu har santimita, ni kuma na shafe shi da shuɗin fenti shafi biyu.

Na ba ta haƙuri, na ce ai yara za su tuna lambobinsu, kowa ya faɗa a rubuta. Kafin ta amsa ajin ya ɗauka baki ɗaya, kamar karatun haddace: “Lambar da ba a auna ba, ba ta hawa bango!” Ashe doka ce. Malama ta ce da ta bari a yi da ka, da tuni kowane yaro ya ƙara wa ruwan gidansu taku guda don lungunsu ya zo farko. Sai an auna, kuma sai wani ɗan aji daga wani lungu ya tsaya shaida.

Bita dai ta rushe. Malamai goma sha huɗu da suka zo sauraron jawabina aka raba su, kowa ya bi rukunin yara. Ni aka ba ni rukuni na shida, aka ba ni aikin riƙe bakin igiya a ƙasa. Rulolina ashirin sun yi amfani sau ɗaya, wajen auna inda za a yi wa sabbin igiyoyi ƙulli.

Kwana uku muna yawo a Bulabulin cikin ranar da take narkar da takalmi. Ban taɓa shan mamaki irin na kwanakin nan ba. Gidaje da yawa an yi musu sabon shafe, shatin ya ɓace, sai ka ga yarinya ta ce a janye sif, ga shi nan a bayansa. Wani gidan a jikin turken wuta na ƙofar gida muka samu. Wani magidanci ya nuna mana ƙusar da ya buga da kansa a ranar, don kada 'ya'yansa su ce ya yi ƙari. Inda babu alama sam, doka ta ce a nemi manya biyu da suka tsaya a cikin ruwan, kowa ya nuna a jikinsa, a auna, a raba tsakani. Wata tsohuwa ta nuna wuyanta, ɗanta ya nuna ƙasan haƙarƙarinsa, suka fara musu da Kanuri. Yaran suka auna su duka biyu, tazarar santimita uku ce kacal. Tsohuwar ta ce dama ta san ɗan nata tsawo kawai gare shi.

Malama Yagana ta haɗa kowane rukuni da mai jin Kanuri, da mai jin Larabcin Shuwa, da mai jin Bura, don kada a shiga gida a rasa mai tambaya. Suna awo suna tambayar ta ina ruwan ya shigo, ta ina aka fita, wa ya ɗauki wa, a wane masallaci aka fake. Ni da nake koyar da babin haɗin kan al'umma daga shafi na kaza zuwa shafi na kaza, sai ga shi ina jin sa daga bakin mai shagon nan da ya sayar mini da fenti. Ashe a lungun yake zaune, kuma a saman benensa gida bakwai suka kwana huɗu. Da ya gan ni durƙushe da igiya ya ce, “Oga Malam, fentin bai yi kyau ba ne?” Na ce ya yi kyau fiye da kima.

Ba mu sha wahalar ciki ba. Kusan kowane gida sai an miƙo ruwan sanyi ko ardeb, wani jiƙon tsamiya mai yaji-yaji da ya zame mini magani. Da na nemi in saya wa yara ƙosai, sai na tarar shi ma ya bi sahun masar Azare, ya ƙanƙance ya yi tsada.

Laraba da azahar aka dawo aji. Gawayi ba ya kama fenti mai mai, sai da aka nemo alƙalamin maka. Ɗaya bayan ɗaya yara suka ja layukansu a kan shuɗin bangona, ni kuma ina ƙirgawa ina jin numfashina yana dawowa. Arba'in da ɗaya. Na sake ƙirgawa, arba'in da ɗaya.

Wata yarinya ce a layin gaba ba ta tashi ba, sunanta Fanna. Malama ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. Gidansu Fanna na ƙasa ne, ya rushe gaba ɗaya, yanzu fili ne. Ranar ambaliya daga ita sai kakarta a ciki, kakar ce ta ɗora ta a wuya ta fito da ita. Da aka ce kowa ya auno bangon gidansu, Fanna ba ta da bango. Sai tsohuwar ta biyo ta har aji, ta jingina da bangon nan, ta karɓi gawayi ta ja layi da hannunta daidai inda ruwa ya kama ta. Aji ya amince da shaidarta ita kaɗai, tunda babu na biyu. Ta rasu da azumin da ya wuce. Malama ta nuna mini wurin, kusa da taga. Na tuna shi sarai. Layin ya fi sauran kauri, ya ɗan karkace, kuma ni na ce wa mai fenti ya ƙara kankare wurin.

Na ce, “Malama, don Allah a bar ta ta faɗi abin da ta tuna. Laifina ne, ba nata ba.”

Malama ta ce, “Fanna, kin ji abin da Malam ya ce.”

Yarinyar ta miƙe, ta gyara hijabi. Ta ce, “Na tuna lambar, Malam. Amma Kaka ce ta auna, ni ban auna ba.” Sannan ta ce, “In za mu fitar da matsakaici, da nawa za mu raba? Da arba'in da ɗaya ko da arba'in da biyu?”

Shekara ashirin da bakwai ina koyar da wannan babin. Na san amsar tun ina ɗan aji biyar. Amma sai na juya na dubi malamarsu. Malama Yagana ce ta ce a raba da arba'in da ɗaya. Ta miƙa wa Fanna alƙalami ta ce ta rubuta sunanta kusa da taga, inda yake a da. Ta rubuta, babu layi, babu lamba, ta koma ta zauna ta yi lissafinta tare da kowa. Ta kuma samu daidai.

Alhamis Bulama ya zo da jama'arsa. Yara suka tsaya gaban taswirar da suka sake zanawa, suka yi bayani da Hausa da Kanuri, suka nuna lungu biyu da ja ya fi yawa, da kwalbatin da ke tsakaninsu. Wani mutum ya taso da faɗa, wata yarinya ta miƙa masa igiya ta ce ya je ya auna. Aka yi dariya, Bulama ya yanke cewa daga kwalbatin za a fara. Da aka ce babban baƙo daga Kano ya yi jawabi, na tashi na faɗa musu abin da na yi, ban rage komai ba. Bulama ya ce Allah ya kiyaye gaba. Mai gadi ya sake yin doguwar maganarsa, wannan karon na hana a fassara mini, na san ba gaisuwa ba ce.

Juma'a da sassafe muka kamo hanya. Na sayi turaren wuta na uwargida da bandar kifi, kwalayena kuma suka dawo yadda suka je, ban ko yi amfani da su ba. A shingen bayan gari jami'in nan ya tambayi ina rulolin, na ce na bar su inda suka fi amfani. Mun iso Kano ana kiran magariba, lafiya lau, alhamdulillahi.

Abin da na koyo ba shi da yawa, amma ya shige ni. Lissafi da zamantakewa ba darasi biyu ba ne in malami ya fara daga abin da ya faru a ƙofar gidan yaro. Kuma in ka shiga ajin wani ka ga abin da bai yi maka ba, ka tambaya kafin ka taɓa. Litinin da na koma ajina na rufe littafi, na ce kowa ya nemo igiya, za mu auna kwatar unguwarmu. Da muka zo fitar da matsakaici wani ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, da nawa za mu raba?” Sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Hoton da na ɗauka ranar Lahadi yana nan a wayata, bango shuɗi fes, babu ɗigon komai. Ban sa muku shi ba, kuma ban goge ba. Nakan buɗe shi in ƙara girman wurin da ke kusa da taga, ko zan ga inuwar gawayi. Babu. Fentin mai kyau ne, ni na zaɓe shi.